Zamanin da Ba a Canjin Ɗan Wasa

Ƙarfe bakwai da rabi, bayan sallar isha'i, mu biyar ne a ɗakinmu na unguwar Batha, a birnin Riyad: ni, ƙanwata Hindatu, Inna, Baba, da Kaka, mahaifiyar Baba, wadda ta zo mana ziyara lokacin sanyi. Garwashi na ci a kasko bakin ƙofa. Baba ya miƙe ƙafarsa ta dama. Kwana uku ke nan da rodi ya faɗo masa a wurin gini, bai kuma faɗa wa kafili, ubangidan da ya ɗauke shi aiki, ba, don wanda ya kwanta jinya ba a sabunta masa iƙama, takardar izinin zama a ƙasar.

Kakanmu, mijin Kaka, ya taɓa yi wa wani Bature kuku a Jos. A can Kaka ta samo labarin uban Baturen, ɗan ƙwallo a Sikotlan tun zamanin da.

A daren nan, bi da bi ta kawo mana shi. Da farko maƙerin jirgin ruwa ne, yana wasa ranar Asabar bayan an tashi aiki. Daga nan ƙungiyar garinsu ta ɗauke shi. Sai ƙasarsa ta kira shi sau ɗaya. Sai ranar da aka karya masa ƙafa a tsakiyar fili.

Hindatu ta ce, "Kaka, ai sai a sa wani."

"Ke, wa ya ce miki ana canji a lokacin? In ka fita, naku sun koma goma. Ɗaure ƙafar aka yi da tsumma, aka tsayar da shi a gefen fili, 'yan kallo na yi masa ihu. Ƙwallo ta zo, ya buga da karyayyar, ta shiga raga." Ta dubi Baba. "Namiji ke nan."

Inna ta ce, "Hajiya, ƙafar nan fa ta kumbura."

Kaka ta ce, "Da ke nake magana?"

Baba ya ce, "Bari kawai. Gobe zan fita."

Ya fita. Kwana goma sha ɗaya yana fita. A na goma sha biyu ƙafar ta yi baƙi, likitoci suka yanke ta ƙasan gwiwa. Kamfanin ginin ya sallame shi, muka koma Jos.

Sai da na girma na tambayi Kaka ƙarshen ɗan ƙwallon nan.

Ta ce, "Bai sake wasa ba. Kafin wata Asabar sun ɗauki wani."

"Kin sani, kika yi shiru?"

"Da na faɗa, da ubanka ya zauna. Ku ci me?"

Na daɗe ina ɗauka darasin juriya ta koya mana. Ashe yanke labari ta yi daidai inda zai tura ɗanta aiki. Yanzu ni ma a Riyad nake, ina kula da leburori ashirin, kuma kullum da safe sai na duba tafiyar kowa kafin ya hau bene.

Mai karatu, in ka ga ɗan'uwanka yana ɗingishi zuwa aiki, kada ka yaba masa. Ka kai shi asibiti a ranar.