Ɗaurin Jaki a Kan Wamanraju

Na fara ganin Nicanor Chinchay ranar Litinin, 9 ga Mayu, 1994, a satina na biyu da kama aikin akawu a ofishin 'yan dakon dutse na ƙauyen Llupapampa. Aikina rajista ne: wanda ya hau dutsen Wamanraju in rubuta sunansa, idan ya sauko in ja masa layi. Nicanor ya shigo da hularsa a hannu, gajeren mutum mai faɗin ƙirji, leɓensa ya yi kore da ganyen koka da mutanen yankin ke taunawa. Ya ce ba hawa zai yi ba, so yake in ɗauko littafin 1987 in karanta masa wuri ɗaya, don shi bai yi makaranta ba. Akawun da na gada ya rubuta: "21 ga Agusta. Teódulo Chinchay, ɗan dako. Ya faɗa tsagar ƙanƙara. Igiya ta tsinke. Ba a samu gawa ba." Sunan na nan ba a ja masa layi ba. Ya sa na maimaita, ya yi godiya, ya fita. Haka ya riƙa yi duk watan Mayu har sau ashirin da biyar. Abin da ke biye daga bakinsa na ji shi, daga baya ƙwarai.

Shi da wansa Teódulo asalinsu masu jakuna ne. Suna kai kayan masu hawa har inda ciyawa ta ƙare, su sauke, su juyo. A ranin 1987 'yan dako suka yi ƙaranci, aka roƙe su su ƙarasa da kayan wasu Turawa biyu zuwa zango na sama, a tsakiyar ƙanƙara. Suka kai lafiya. Da za su sauko su biyu, rana ta riga ta take, zafinta kuma ya fi na kowane Agusta da dattawa suka sani. Yatsun Teódulo sun sandare tun safe, sai ya miƙa wa ƙaninsa bakin igiya ya ce ya ɗaure masa ƙugu.

Akwai ƙullin da masu hawa ke yi, an nuna wa Nicanor sau ɗaya a gurguje, bai zauna masa ba. Hannunsa ya yi abin da ya saba: ɗaurin jaki. Ɗauri ne da ke riƙe buhu biyu na dankali a gangare ko gezau, amma ana barin wutsiyar igiya a waje, in aka fizge ta sau ɗaya kaya ya zube. Teódulo ne ya koya masa. Ya duba ƙugunsa ya yi dariya ya ce, "To, na zama jakinka ke nan. Saura ka ɗora min buhu."

Ba su yi tafiyar rabin awa ba dusar ƙanƙarar da ta rufe bakin wata tsaga ta burme da Teódulo. Igiya ta fizge Nicanor ya faɗi rub da ciki, nauyin wansa na jan sa. Ya kafa gatarinsa na hawa, ƙanƙarar ta yi laushi ta ƙi riƙewa. Yana ganin bakin ramin na matsowa, saura kamar gaba biyu, sai ya ji nauyin ya tafi. Ya yi ta kira har muryarsa ta dushe, babu amsa sai ƙarar ruwa can ƙasa. Da ya jawo igiyar, bakinta lafiya lau ya fito, ko zare bai tashi ba.

Ya tabbata ƙullinsa ne ya kwance. Yana da shekara ashirin da biyu, ga uwarsu da rai, ga matar wansa da goyo. Da ya sauko kan duwatsu sai ya zauna, ya sa kaifin dutse ya gurje igiyar har ta rabu, ya cusa guntun a cikin rigarsa. A ƙauye ya nuna bakin da ya gurje ya ce ta tsinke.

Abin da bai tuna ba a kan dutsen nan shi ne wadda ta tufka igiyar. Eufemia ce, matar Teódulo, wadda duk masu jakunan kwarin ke sayen igiya a hannunta. Ta karɓa ta juya bakin a tafinta. Daga ranar ba ta ƙara tufka ba. Ta koma sayar da miyar dankali da gasasshiyar masara a bakin hanyar hawa, kuma duk wanda ya tambaye ta igiya sai ta ce hannunta ya lalace.

Nicanor ya sayar da jakunan ya zama ɗan dako, daga baya jagora. An san shi da abu biyu. Ba ya barin kowa ya taka ƙanƙara sai ya duba ƙullinsa sau uku, har abokan aiki na ce masa uwar amarya. Sannan duk farkon rani yana hawa shi kaɗai zuwa inda ƙanƙara ta tsaya, ya tara duwatsu ya yi alama, ya ƙirga taku daga alamar bara, ya zo ya sa in rubuta. A 1994 taku tara ne. A 2005 ashirin da shida. A 2016 hamsin da ɗaya. Matasa na yi masa tsiya wai injiniya ya zo awo. Ni ma na ɗauka sha'awa ce kawai.

Lissafinsa daban ne. Ya san ƙanƙara tana gangarowa a hankali da abin da ta haɗiye, bakinta kuma yana ja da baya yana hawa sama, wata rana za su haɗu. Da can ya ɗauka sai bayan ransa. Amma damina ta fara makara, ruwa na sauka a inda dusar ƙanƙara kaɗai aka sani, tafki ya fito a wurin da suke kafa tanti. Dutsen ya soma amayar da abubuwa: gwangwani, takalmi ƙafa ɗaya, sandar wani Bature da ya ɓace tun kafin a haifi Nicanor. Kuma kowane ɗan dako ya san in igiya ta tsinke, ana samun ragowarta a ƙugun mamaci. Ƙugun Teódulo zai fito ba komai. Don haka guntun nan bai taɓa barin jakarsa ba. Niyyarsa ya riga kowa isa, ya ɗaura masa da ƙullin masu hawa, sannan ya kira mutane.

Duk hawan da zai yi sai ya wuce ta gaban tukunyar Eufemia. Takan zuba masa miya ta ce, "Angon ƙanƙara, yau ma gidan surukai za ka? Ka gaida amarya, ka ce mata ta sakar min mijina haka nan." Yakan ce, "Za ta ji, Yaya," ya sha a tsaye, idonsa cikin kwano. Itacenta da noman gonarta duk shi ne, amma bai taɓa zama a ɗakinta ya ci abinci ba. Ya ce min a kan ƙanƙara, in rana ta yi zafi ruwa na gudu a ƙarƙashi, yakan ji kamar ana kiran jaki da irin feɗuwar Teódulo.

Ranar Talata, 4 ga Satumba, 2018, da hantsi, Nicanor ya sami wansa. Ƙanƙara ta sake shi daga kai zuwa gwiwa, yana kwance a gefe cikin rigar ulu mai jan baki. Fuskarsa ta bushe ta yi baƙi amma ana gane ta, gashinsa ko furfura ɗaya babu. Nicanor mai shekara hamsin da uku ya durƙusa gaban wansa ɗan ashirin da tara, ya fito da guntun igiya. Ya kai hannu zai zagaya ƙugun sai ya ga safar hannu ta dama. Ba a hannun take ba. An cire ta, an naɗe, an soke ta a ɗamara, yadda Teódulo ke yi duk lokacin da zai sauke wa jaki kaya. Hannun kuwa tsirara, a dunƙule, daidai wurin da wutsiyar ƙullin take.

Ya daɗe a durƙushe har gwiwoyinsa suka jiƙe. Ya mayar da igiyar jaka, ya rufe fuskar da hularsa, ya sauko.

Ya tarar da Eufemia tana feraye dankali. Ya ajiye guntun a gabanta ya faɗa mata komai, har da dutsen da ya gurje igiyar da shi, har da safar. Ta ɗauka ta duba bakin, ta ja shi da ƙarfi tsakanin hannayenta biyu.

"Ba ta tsinke ba ke nan."

"Ba ta tsinke ba, Yaya."

"Ɗaurin jaki ba ya kwancewa da kansa, Nicanor. Kai ma ka sani. Teódulo ne ya fizge wutsiyar, ya sake ka." Ta ajiye wuƙar. "Ni kuma ka riƙe ni shekara talatin da ɗaya."



Washegari mutum shida suka sauko da gawar, aka binne ta a maƙabartar ƙauye. Bayan kwana uku Nicanor ya zo ofis ya ce in gyara littafin. Ban goge rubutun wanda na gada ba. Na rubuta a gefe: "Igiya ba ta tsinke ba. Bayanin ƙaninsa, 8 ga Satumba, 2018." Ya tambaye ni ko zan ƙara cewa Teódulo ne ya kwance kansa. Na ce ba wanda ya gani. Ya ce haka ne, wataƙila ya cire safar ne don ya kama ƙanƙara. Sai na ja wa sunan layi.

Bai ƙara hawa Wamanraju ba, bai kuma ƙara kawo min ƙirgar taku ba. Ya sayi jakuna biyu ya koma kai kaya zuwa inda ciyawa ta ƙare. Eufemia ta ci gaba da karɓar itacensa, amma ba ta sake yi masa wasa ba, ba ta kuma koma tufka ba, ta ce yatsunta sun manta. Ciwon ƙirji ya kwantar da shi a daminar 2022, ya rasu ranar 17 ga Fabrairu a ɗakinsa. An binne shi kusa da wansa. Guntun igiyar yana wurin Eufemia.