Giɓin da Aka Ɓoye wa Ƙadangare

Jiya da hantsi ina zaune ina tsince wake, sai na ji wani abu ya faɗo kan kwanon ɗakina, ƙwas, ya gangaro. Jikata ce ta jefa haƙorinta da ya fita, tana tsalle tana dariya. Saura kaɗan ƙwaryar waken ta suɓuce mini. A zamaninmu kan jinka ake jefa haƙori, yanzu kuwa kwano ya maye gurbin jinka.

A wani ƙauye kusa da Yashe muka tashi, lokacin Turawa suna nan. A gidanmu kaka, uwar babanmu, ita ce mai mulkin haƙora. Bakinta kuwa fayau, sai dasashi, amma kullum da safe sai ta jera mu a gindin rumbu ta dirje mana namu da garin gawayi da ɗan gishiri. Mukan tsokane ta mu ce nata ta cinye, shi ya sa take kishin namu. Ita ta koya mana dokar famfara, wato zubar haƙoran nono: in haƙori ya fita ka jefa shi kan jinka, ka kame bakinka, domin in ƙadangare ya ga giɓinka sabo ba zai fito ba har abada. Gidan kuwa cike yake da ƙadangaru, kan danga, kan rumbu, suna ta gyaɗa kai kamar sun san wani abu.

Ƙanwata mai bi mini ita ce 'yar lelen kaka, don sunanta aka sa mata. Yarinya ce mai tsananin bin magana. Ni in aka ce kada in yi abu, lokacin nake fara sha'awarsa. Ita kuwa in aka ce ta tsaya nan, to nan za ka same ta ko rana ta faɗi.

Da bazarar wata shekara baƙon dauro ya shigo garin, ya kwantar da ita. Ba a sa wa mai baƙo ruwa, balle gawayi. Ta tashi dai, amma ta rame ƙwarai, ga rumbu ya yi ƙasa, kunu ma tsararo. Kaka ta ɗage mata dirzar safe saboda tana kuka in an taɓa bakinta.

Da ruwan fari ya sauka haƙorinta ya fita. Kaka ta yi guɗa, don shekarun famfara ne daidai. Ta kai ta bakin ɗakinta ta sa ta jefa, ta ce, "To takwara, ki rufe bakin nan, ga 'yan gulma can bisa danga suna kallo."

Yarinyar ta ɗora tafin hannunta a baki. Daga ranar ban ƙara ganin ta sauke shi ba sai in za ta kurɓi kunu, shi ma sai ta juya ta fuskanci bango. Wani haƙorin ya bi, wani ya sake bi, duk muna yi mata barka. Ko Inna ta ce ta buɗe a gani, sai ta girgiza kai ta nuna danga da ido. Dariya muke yi, wallahi, har ana kafa mana misali da ita.

Wari ne ya tona. Inna na yi mata kitso wata safiya ta ji shi, ta fizge hannun da ƙarfi. Kuncin ya kumbura ya yi tauri, da wani baƙin tabo a tsakiya. A ciki dasashin ya zagwanye, har turamen baya suna motsi. Turame kuwa ba sa fita a waɗannan shekarun, kowa ya sani.

Aka kira wanzami. Ya leƙa sau ɗaya ya mayar da kayansa cikin zabira, ya ce wa Baba, "Wannan ciwon iska ne, ba aikin aska ba. Ku tahi Kankiya ɗakin magani na hukumar En'e, yau ɗin nan."

Baba ya ɗora ta a jaki, Inna na biye. Ga tafiya da nisa, ga rafi ya kawo, sai da suka jira ya janye. Inna ta ba mu labari daga baya cewa malamin asibitin ya wanke wurin, ya yi mata allura, ya tambaye su tun yaushe bakin ya fara, da suka faɗa masa ya ce an makara. A Kankiya aka binne ta. Jakin ya dawo da zanenta a naɗe.

Ba wanda ya fito ya ɗora wa kaka laifi. Ita ma ba ta yi kuka a gabanmu ba. Amma da rani ya zo aka tashi baibayar ɗakuna, ta fito ta tsaya a ƙofarta ta ce, "Kada wanda ya taɓa mani jinkar nan. Takwara na bisa." Haka jinkar ta yi baƙi, ta lotsa, damina tana yi mata yoyo a kan gado, har ta bar duniya a ƙarƙashinta.

Yanzu yara na da buroshi da man goge baki, asibiti kuma ba sai an nemi jaki ba. Na ji ma'aikatan lafiya suna cewa ciwon nan in an gan shi tun yana dasashi, magani da abinci mai kyau kan tsayar da shi. Na yarda, kuma na yi wa yaran yanzu murna, amma maganar ba ta sanyaya mini zuciya ba. Ina kewar ƙanwata har gobe. Na haddace kitsonta da muryarta da ɗan tabon da ke goshinta, amma bakinta ya ɓace mini. Takan zo mini a mafarki, tsaye a inda aka ce ta tsaya, hannunta a baki. Ina ce mata ta sauke, babu komai a kan danga, ita kuwa tana girgiza kai.