Lallen Bakin Makwarara

Sai da haƙorana suka fara zubewa na shiga ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa duk abin da na gani a rubuce sai na tsaya na haɗa baƙinsa, ko ledar burodi ce. Haka na yi da robar man shafawar jikata, wadda ta gama karatu ta dawo mana Birnin Kudu tana sayar da kayan kwalliya ta waya. Na haɗa baƙin, ban gane ba. Ta ce wai oganik, wato ba a sa wa abin takin zamani ko maganin feshi ba, kuma wasu sun zo sun duba sun buga hatimi. Na shinshina, ƙanshin alewar yara. Ni dai ban san bishiyar da take wannan ƙanshi ba.

Ina da lalle a gidan nan. Reshensa na taho da shi daga gidanmu a Sara, can ƙasar Gwaram, daga jikin na mahaifiyata. Na dasa shi inda duk mace mai hankali take dasawa, bakin makwararar makewayi, inda ruwan wanka yake bi, don ko rani ya kai rani ba ya bushewa. Babu amaryar da aka kai a layin nan da ba shi a ƙafarta ba.

Ran nan yarinyar ta ce, “Kaka, zan riƙa daka lallenki ina ƙullawa a leda, amma sai da hatimin nan matan birni za su saya.”

Ta kawo wata mata daga kamfanin masu hatimi, da safar hannu kamar mai karɓar haihuwa. Matar ta zagaya bishiyar.

“Inna, wane taki kike sa masa?”

“Kashin awaki. Su ma ba ni nake aikensu ba.”

Ta ji daɗin wannan. Sai idonta ya sauka kan ruwan.

“Wannan fa?”

“Na wanka ne.”

“Da sabulu?”

“A’a Hajiya, da miyar kuka muke wanka a garin nan.”

Ba ta yi dariya ba. Ta ce ruwan sabulu ya ɓata magana, sai an tone bishiyar an kai ta gona, a jira ƙasa ta wanke ta, sannan su dawo su duba. Ruwan da muka wanke jikinmu da shi wai ya yi wa itace ƙazanta. Kuma tsohon lalle irin wannan, ka taɓa saiwarsa ka kashe shi.

Washegari jikar tawa ta shigo da mai diga. Na jawo turmi na kifa a gindin bishiyar na zauna.

“Kaka, don Allah. Sana’ata ce fa.”

“Ki karya reshe ki kai gonar, kamar yadda na yi.”

“Sai yaushe zai girma?”

“Sai ya ga dama.”

Ba ta da wannan haƙurin. Ta yi fushi, ta sallami mai digar, ta daina cin tuwona. Daga baya ta je kasuwar Gwaram ta auno garin lalle a buhu, wanda ba ta san gonarsa ba, ba ta san abin da aka gauraya masa ba. Hatimi bai samu ba, sai ta sa aka rubuta nacural, wai na halitta, wannan kalmar kowa ma yana iya bugawa. Hoton da ke jikin ledar kuwa bishiyata ce, an yanke makwararar.

Ana jibi Sallah na fito alwala na same ta a tsugune da ƙwarya tana tsinkar ganye.

“Ina na ledar?”

“Ƙaiƙayi yake sa ni.”

Na ce ta tsinka ta ɓangaren katanga, na bakin ruwan na ƙafata ne.