Ranin da Ƙawata 'Yar Italiya Ta Sauka a Makarfi

Na san ta tun ina amarya a Kaduna, lokacin da maigidana yake tuƙa tifa a wani kamfanin gina hanya na Italiyawa. Ni ma na samu aiki a kicin ɗin kamfanin, ina wanke-wanke da yankan albasa, ita ce kuma shugabar kicin ɗin. Gajeriyar mace ce kakkaura mai saurin magana, wadda ba ta iya zama matuƙar akwai tukunya a kan wuta. A bakin masu kawo mana kayan miya ta koyi Hausa, shi ya sa Hausarta ta kasuwa ce. Ta iya ciniki, ta iya faɗa, gaisuwa ce dai kullum take yanke ta a tsakiya. Da aikin hanyar ya ƙare ta koma ƙasarsu ta buɗe gidan abinci, mu kuma muka dawo Makarfi, na buɗe ɗan nawa kusa da sakatariya, inda ma'aikata ke cin shinkafa da wake da rana. Zumuncinmu bai yanke ba, mukan gaisa ta waya lokaci-lokaci.

Bayan shekaru da yawa ta kira ni ta ce mijinta ya rasu, ta rufe gidan abincin, tana so ta zo ta gan ni. Na yi mata ta'aziyya, na ce ta bari sai rani, lokacin da kayan lambu ke cika kasuwa. Ta ce ta yarda, amma da sharaɗi: ba za ta zo a ajiye ta a ɗaki ana kawo mata abinci a rufe ba, so take ta yi girki da mata. Na ce wannan mai sauƙi ne.

Bai zo da sauƙin da na zata ba. Maigidana ya je ya sanar da mai unguwa, mai unguwa ya kai shi wurin hakimi, daga nan suka leƙa ofishin 'yan sanda. Aka ce ba laifi, amma ban da tafiya bayan la'asar sakaliya, ban da shiga ƙauyukan da ke nesa da titi. A kan wannan muka tsara komai.

Mun ɗauko ta daga filin jirgi na Kano. Gashinta ya yi fari fat, ta kuma rame, amma bakin yana nan. Da muka buɗe akwatinta a gida, kayan sawa kaɗan ne a ciki. Sauran wurin gwangwanin man zaitun ne ya cinye, da wani dunƙulen cuku mai tauri kamar dutse, da doguwar sandar da take murza fulawa da ita. Na sauke ta a ɗakin 'yata da ta yi aure, na kai atamfa aka ɗinka mata riga da zane. Ɗaurin zanen bai taɓa zama mata ba, sai da muka sa masa igiya.

Taron farko a tsakar gidana aka yi, da matan unguwa da na islamiyyarmu. Tun kafin ranar wasu suka riƙa ja na gefe suna tambaya ko abincin nata da alade ko giya a ciki. Na ce naman daga wurin mahaucinmu na kullum zai fito, ni zan sayo da hannuna, wanda kuma yake shakka ya zo da wuri ya gani. Suka zo da wuri kuwa, har tabarmi suka kasa.

Ƙawata ta zuba fulawa a kan tebur, ta fasa ƙwai a tsakiya, ta kwaɓa, ta murza, ta yayyanka siri-siri. Wata dattijuwa maƙwabciyata ta daɗe tana kallo, sannan ta ce da ni, ai wannan taliyarmu ce ta murji, ƙwai kawai aka ƙara, ta tashi da kanta ta ɗauko injin taliyarta daga gida. Ƙawata ta juya injin ta duba, ta yi dariya ta ce irinsa sak mahaifiyarta take da shi. Daga nan aiki ya yi sauri. Inda aka samu saɓani shi ne wurin dahuwa. Taliyar ba ta jima a ruwan zafi ba ta tsame, mata suka ɗanɗana suka ce ba ta nuna ba. Ta ce haka ake ci, dole haƙori ya san ya taɓa wani abu. Dattijuwar ta ce ita ba ta da haƙoran. Aka raba tukunya biyu, ɗaya aka bar ta ta yi lugub.

Abin da ya fi ba su mamaki shi ne yadda take tuttula man zaitun a kasko. Mu a nan 'yar ƙaramar kwalba ake saye a shagon magungunan musulunci, a shafa ko a lasa. Wata ta kasa haƙuri ta ce, "Baturiya, magani fa kike soya albasa da shi." Kafin a watse, da yawa sun miƙo murfin kwalba da ƙananan robobi a ɗiga musu na shafa wa gwiwa. Cukun kuwa bai samu kasuwa ba. Suka shinshina suka ce ya lalace a hanya. Ta ce ita ma haka ta ce ranar da ta fara jin ƙamshin daddawa.

A wurin kwaɓin nan na lura da hannunta. Takan danna ƙullin sau kaɗan ta tsaya, ta tsoma hannu a ruwan ɗumi kamar mai wankewa, alhali ba abin da ya ɓata shi. Da mutane suka tafi muna kwashe kwanuka na tambaye ta. Ta miƙo mini hannuwan, na ga gaɓoɓin yatsun sun kumbura, wasu sun karkace. Ta ce sanyin ƙashi ne, ya daɗe yana cin ta, kuma shi ne ya rufe gidan abincin, ba rasuwar mijinta ba. Ta ce kada na gaya wa kowa, kada kuma na fara karɓe mata aiki. Na ce to. Da yamma na dafa ruwa da citta na gasa mata hannun, ba ta hana ni ba.

Taro na biyu a Kurmin Kogi aka yi, ta ƙasar Ikara, a gidan yayata. Mijinta manomin rani ne, kuma mun je daidai lokacin da tumatir ya yi yawa har ya rasa mai saye. A bakin titi kwanduna ne jere, wasu sun fara zubar da ruwa. A bayan gidaje mata sun yayyanka sun shanya don yin kauɗa. Ƙawata ta sa maigidana ya tsayar da mota, ta fita ta tsaya gaban wani tulin ruɓaɓɓen tumatir da aka zubar tana kallo. Da ta dawo ta ce ba taliya za ta yi a nan ba, za ta nuna musu yadda ake ajiye tumatir a kwalba, kamar yadda kowane gida yake yi a garinsu idan kaka ta yi.

Yayata ta bi gida-gida ta tattaro kwalabe masu murfin ƙarfe, muka wanke su muka tafasa. Aka zaɓi lafiyayyen tumatir, aka kai injin markaɗe, aka dafa har ruwan ya tsotse, aka sa gishiri, aka ɗura da zafinsa. Kowace kwalba aka naɗe ta da tsumma aka jera a cikin duro, aka cika da ruwa, aka hura wuta a ƙasa. Ana cikin tafasa muka ji fas, can kuma muka sake ji. Matan da ke kusa suka ja da baya. Ƙawata ba ta ko motsa ba, ta ce a zare itace, wutar ta yi yawa, kuma ko a gidansu ba a taɓa sauke duro ba tare da an yi asarar wasu ba.

Yayata ba mai ɓoye magana ba ce. Muna zaune muna jiran duron ya huce ta ce, "Baƙuwarmu, abin naki ya yi kyau, amma ya ci itace. Kauɗa rana kawai take nema, ita kuma ba a sayen ta."

Ƙawata ta ce gaskiya ne, ba ta yi tunanin itace ba. Ta ce a yi duka biyun, kwalba don miyar da ake son ta yi ja kamar ta ɗanyen tumatir, kauɗa don ta yau da kullum. Ta ja musu kunne cewa duk kwalbar da murfinta ya kumbura a zubar, ko ɗanɗanawa kada a yi. Cikin matan da suka cika gidan ran nan, yayata da wasu maƙwabtanta kaɗan ne suka ci gaba da yi. Da damina ta faɗi tumatir ya ɓace daga kasuwa, suka buɗe nasu. Wasu sun kumbura an zubar, saura kuwa sun yi musu miya har aka fara cin sabuwar masara.

Na ukun ba ni na shirya ba. Akwai wata malamar firamare, 'yar kudancin Kaduna, da ke aiki a Kudan, takan ci abinci a wurina idan ta zo Makarfi. Ta halarci na gidana, ta ce lallai sai an kai musu baƙuwar. Ta haɗa matan cocinsu da matan unguwar da take zaune, aka sa rana a harabar makaranta, ƙarƙashin itatuwan mangwaro, kowa ya zo da abin da ya iya dafawa.

Da safiyar ranar na shiga ɗakin ƙawata na tarar da ita zaune a bakin gado, ta kasa ɗaura igiyar zanenta. Aikin Kurmin Kogi ya tayar da ciwon, hannuwan sun yi suntum. Na ce bari na kira malamar a ɗaga. Ta ce a'a, mutane sun riga sun ɗora tukwane. Sannan ta ce, "Ƙawata, yau ke za ki yi. Ni zan zauna in yi surutu." Na ɗaura mata zanen muka tafi.

Aka ajiye mata kujerar malamai a inuwa. Ba ta jira an tambaya ba, ta ɗaga hannuwan ta nuna wa mata ta ce ga abin da ya zaunar da ita, aka yi ta yi mata sannu. Abin da ta zaɓa a yi shi ne dankalin Hausa, wanda ƙasar Kudan ba ta rasa shi. A dafa, a marmashe, a haɗa da fulawa, a mulmula ƙanana a jefa a tafasasshen ruwa, idan sun taso sama sun nuna, kamar dai ɗanwake. Zubin farko da na yi ya narke a ruwa ya koma kunu. Ta yi ta faɗa da yarensu, sannan ta dawo Hausa ta ce fulawar ta yi kaɗan, kuma na cika matsa ƙullin kamar mai wanki. Mata suka yi ta dariya ganin mai gidan abinci guda ana yi mata faɗa a bainar jama'a. Ni ma dariyar na yi, don rabon da wani ya gyara mini girki har na manta. Na biyun ya yi. Muka zuba masa soyayyen man shanu da ɗan yaji, ya ƙare tas tun kafin ya zagaya kowa.

Sauran yinin ci ta yi. Aka riƙa kawo mata kwano bayan kwano: faten acca da matan kudu suka yi da yakuwa da gyaɗa, dambun zogale, alale, kwaɗon rama. Kowanne sai ta tambayi mai shi me ta sa, me ta fara sawa, me ya sa ba ta sa kaza ba. Cokali ya gagare ta riƙewa, malamar ta lura, ta juye mata faten a kofi, ƙawata ta riƙe da hannu biyu tana kurɓa. Faten accan nan ya fi komai burge ta, har ta sa aka kira tsohuwar da ta dafa, suka zauna gefe guda suna hira da Hausar da ba ta kowaccensu ba ce ta gado. Da la'asar ta gabato maigidana ya fara nuna mini agogo, da ƙyar muka raba su.

A hanyar komawa ta ce ta ji haushin zaman kujerar nan ƙwarai da farko, amma ta gano cewa shekara da shekaru tana ciyar da mutane ba ta taɓa zama ta ci abincin taro yana da zafi ba.

Kwanakin da suka rage hutawa ta yi. Sau ɗaya muka fita, zuwa wajen Gazara, inda wani abokin maigidana yake dafa mazarƙwaila. Ta zauna a kan buhu tana kallon yadda ake matse rake, ruwan yana tafasa a manyan kasake har ya yi kauri a zuba a ƙananan kwanuka ya daskare. Mai wurin ya cika mata leda, ya ƙi karɓar komai.

Ranar da muka mayar da ita Kano, muna cikin mota ta tambaye ni yaushe zan je in ga garinsu. Na ce sai na samu wanda zai riƙe mini shago. Ta ce wannan amsar ita ma ta sha ba mutane. Yanzu tana zaune wurin 'yarta, hannun bai warke ba, amma an samu maganin da ya rage kumburin. Bara na yi fasfo, ƙanwar maigidana kuma ta fara zama a shagon tana koyon yadda nake yi. Ban dai je ba tukuna.