Namijin Ɓauren Nezihe

A ƙauyensu da ke kan tudun Aydın, ba gidan da bai taɓa karyawa da maɗin ɓauren Nezihe ba. Kowa na da ɓaure a gona, na shanyawa a kai kasuwa, amma nata daban ne: wani tsohon namijin ɓaure ne a bayan ɗakinta, irin wanda ba a cin 'ya'yansa ko sun nuna. Duk watan Afrilu takan tsinke su tun suna kore shar, ta feraye, ƙaron yana cin yatsunta har su yi ja. Sai ta tafasa ta zubar da ruwan, ta sake, ta matse su ɗaya bayan ɗaya har ɗacin ya fita, sannan ta dafa da sukari da kanumfari. Haka ta ga uwarta tana yi, a tukunyar tagullar nan, a gindin bishiyar nan.

Ba ta haihu ba. Ferit, ɗan ƙanwarta da ta rasu, shi ta raina. Da burodi da maɗin nan ya yi wayo, har takan zolaye shi cewa rabin jininsa sukari ne. Da ya girma ya karɓi gonar, ya sha yi mata mitar cewa bishiyar tana cin wuri a banza. Ita kuwa sai ta ce ya jira ta mutu tukuna.

Shekarar da aka yi mata aikin gwiwa a İzmir, ta yi lokacin sanyi gaba ɗaya a can. Kafin ta tafi ta ce wa Ferit ya rage rassan da ke kan rufi kawai. Ya sumbaci hannunta ya ce an gama. Duk wanda ya je duba ta daga ƙauye ta tambaye shi bishiyar, a ce mata tana nan lafiya.

Ta dawo da sukarinta a jaka. Abin da ta tarar kututture ne, an sare shi daidai ƙirji, an yi masa aure da reshen ɓauren kasuwa, an ɗaure da tsumma.

"Inna, bayan shekara uku za ki gode mini," in ji Ferit, yana kallon takalminsa.

"Su wa suka riƙe maka tsani?"

Ya ambaci maƙwabta biyu. Dukansu sun je İzmir, sun zauna a bakin gadonta.

Ba ta yi faɗa ba. Ta wanke tukunyar ta kife a kan kabad. Da Sallah ya zo gaisuwa, ta miƙa masa hannu ya sumbata, ta tambayi yara. A al'ada shi ake fara ɗebo wa maɗi da kofin ruwa, kuma saura kwalba ɗaya a kan kantar bango, yana ganinta. Nezihe ta tashi da sandarta, ta wuce kwalbar, ta ɗauko kwalin cakulan ɗin kanti da take ajiye wa mai karanta mitar wuta, ta buɗe masa.