Akori-kurar da Ishaya Ya Bari a Sharjah

Shekara biyar ke nan da rasuwar abokina Ishaya. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, duk da cewa wannan fili ya sha ɗaukar surutuna a kan abubuwan da ba su kai shi ba. Abin da ya sa na buɗe baki bana shi ne, mujallar da ya fi ƙauna a duniya ta rufe, ta fitar da bugunta na ƙarshe. A cikin wannan bugun kuwa akwai wani alkawari da ya yi wa mahaifiyarsa, wanda saura ƙiris ya bi shi kabari.

Gida ɗaya muka zauna da shi a Muraqqabat, wata unguwa a yankin Deira na birnin Dubai. Ni Bakano ne, ina aikin ofis a wani kamfanin dakon kaya a Port Saeed. Shi mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, makanikin injin buga takardu a wata maɗaba'a a Al Quoz. Yana ce mini Alhajin Deira tun ban taka Makka ba, ni kuma ina ce masa Fasto, alhali ko addu'ar cin abinci gajarta ta yake in ya ga tuwo da miyar kuka. Da azumi shi ke dama mana kunu, wai mu hannunmu rawa yake da yamma, kada mu ɓata gero. Kuma Ishaya warin tawada yake. Ya yi wanka, ya fesa turare, ina! Yana shigowa sai ka san ya shigo. Mahaifiyarsa, Mama Saratu, ta san wannan warin tun yana koyon aiki a Kaduna, lokacin da yake kai mata kayan aikinsa ta wanke tana mita.

Cikin abubuwan da maɗaba'arsu ke bugawa akwai wata mujallar Turanci ta tsofaffin motoci, irin waɗanda masu hali ke ajiyewa suna shafawa, ba don hawa ba. Duk wata sai ya zo gida da kwafi ɗaya cikin waɗanda suka karkace wajen yanka. Sai ya wanke hannu tukuna, ya zauna a kan darduma, ya dinga buɗe shafi a hankali. Ni kuwa ba na ƙyale shi. Nakan ce, “Fasto, mu da muka baro gida don gudun tura tsohuwar mota, kai ka zo Dubai kana kallon hotonta?” Sai ya ce, “Alhajin Deira, kai Bakano ne. Abin da ba za a sayar gobe da safe ba, ba ka san darajarsa ba.”

Sai daga baya na gane inda abin ya samo asali. Mahaifinsa direba ne. Yana da akori-kura ƙirar Faransa, irin wadda kowa a Arewa ya taɓa hawa bayanta, yana ɗaukar citta daga ƙauyukansu zuwa kasuwa. Da Ishaya ya samu gurbi a makarantar koyon sana'a, sai tsohon ya sayar da motar ya tura shi. Bai sake mallakar mota ba har ya bar duniya. Wannan abu ya zauna wa Ishaya a rai, ko da yake ba ya faɗa sai in hira ta yi nisa.

Wata rana ya raka wani neman kayan gyara a maƙabartar motoci ta Sharjah, garin da ke maƙwabtaka da Dubai, sai ga irin akori-kurar nan a zube cikin rairayi, ba taya, ba gilashi, amma ƙirar ce sak. Ya saya, ya kai ta garejin wani Basudane abokinsa. A gabana ya kira gida, ya ce, “Mama, na samo motar Baba. Zan tashe ta, za a buga ta a littafin da nake bugawa, ki riƙe da hannunki ki gani.” Mama ba ta karanta Turanci, ba ta kuma da sha'ani da intanet. Abin da za ta riƙe shi ne kawai zai isa gare ta.

Ya yi ta fama da motar nan duk ranar hutu. Injin ya tashi sau ɗaya, na ji da kunnena, ya yi ta tsalle yana rungumar Basudanen. Bayan haka ba da daɗewa ba ciwo ya kama shi, ɗan gajeren ciwo, muka ɗauka gajiya ce. Mu muka raka gawarsa gida. Har yau ina tuna yadda Mama ta riƙe hannuna a ranar.

Nakan tambayi kaina me Ishaya zai ce da ya ga yau. Shagon da ke kusa da tashar jirgin ƙasa ta Al Rigga, inda muke sayen jarida, da can bango guda jaridu ne da mujallu, na Larabci, na Turanci, na Indiyawa. Yanzu bangon ya cika da caja da rigar waya, jaridun sun koma wani ɗan lungu kusa da firij. A cikin jirgi kowa kansa a sunkuye, yatsa na ta shafa gilashi. Maɗaba'arsu ma, in ji waɗanda suka rage, yawancin aikinta ya koma kwalin turare da katin biki. Ni kaina ba zan yi muku ƙarya ba, a waya nake karanta labarin gida, kuma na san da yawanku a waya kuke karanta wannan. Na tabbata Ishaya zai yi ƙorafi, zai ce abin da ba shi da nauyi a hannu ba ya zama a kai. Amma na san shi, mutum ne da ba ya ganin sabon inji ya wuce bai leƙa cikinsa ba. Zai gama mitarsa, sannan ya karɓi wayata ya ƙi ba ni.

Motar kuwa tana nan a garejin, an lulluɓe ta da tamfol. Basudanen bai taɓa cewa mu zo mu kwashe ba, Allah Ya saka masa. Duk Kirsimeti nakan kira Mama mu gaisa, kuma duk shekara kafin mu yi sallama sai ta ce, “Ɗana, ina labarin motar?” Ba da matsi take tambaya ba. Ni kuma in ce tana nan, Mama.

Farkon bana sai Yohanna ya same ni. Ɗan ƙanin mahaifin Ishaya ne, yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki, yana zaune a Satwa. Ko zama bai yi ba ya ce, “Yaya, mujallar nan za ta rufe. Abokan Yaya Ishaya na maɗaba'a suka faɗa mini, daga bugun ƙarshen shekara shi ke nan. Kuma idon Mama ya fara yana.” To fa! Ga takarda za ta ƙare, ga idon da zai kalle ta yana dushewa.

Muka yi abin da muka sani daga gida, muka kira gayya. Ranar Juma'a ce hutun kowa a nan, su Yohanna su fito daga coci da hantsi, mu mu sauko daga masallaci, sai a haɗu a Sharjah. Mai walda ya zo, mai wayarin ya zo, wanda bai iya komai ba irina ya riƙe fitila ko ya sayo ruwa. Zafi kuwa ba a magana, ƙarfe ma sai da tsumma ake taɓa shi. Basudanen na tsaye yana “yalla, yalla,” wato maza-maza, mu kuma muna “shwaiya, shwaiya,” wato sannu-sannu. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

A nan muka tafka wautar da sai mu. Ishaya ya riga ya fara haɗa mata kejin katako a baya, irin na motocin citta. Muka dube shi, muka dubi hotunan cikin mujalla, muka ce haba, wannan ai ƙauyanci ne, wa zai buga katako a mujallar manya? Muka kwance shi muka jibge a gefe. Muka yi mata farin fenti, muka goge ta tana ƙyalli, ta fito tamkar yau ta baro kamfani. Har da tafa wa kanmu.

Editan mujallar wani dattijo ne ɗan Labanan, ya san Ishaya tun yana zuwa duba launi a bakin inji. Ya zo, ya zagaya motar, ya ce mashaAllah, aiki ya yi kyau. Sannan ya faɗa mana gaskiya ba ɓoye-ɓoye: ya taɓa buga irinta, ba sau ɗaya ba, kuma shafukan bugun ƙarshe kaɗan ne. Har ya juya zai tafi sai idonsa ya faɗa kan tulin katakon nan, ya tambaya na mene ne. Yohanna ya sosa ƙeya ya yi masa bayani a kunyace, cewa a wajenmu haka ake yi mata, a ɗora mata buhuna har ta duƙa, a rubuta mata magana a gindi. Dattijon ya dube mu. Ya ce, “Habibi, wannan ce motar da ban taɓa gani ba, ita kuka kwance? Khalas, shi ke nan, ku mayar mata da kayanta, zan dawo.”

Wallahi kunya ta kama mu. Mun daɗe a garin da komai sabo ne, har muka fara jin nauyin nuna namu. Muka manta cewa da tsohuwar zuma ake magani. Ishaya ya yi shekaru yana kallon motocin attajiran duniya a shafukan nan, amma da ya tashi tasa, katako ya nema.

Muka kira Mama, muka tambaye ta yadda motar Baba take. Ban taɓa jin ta yi dariya irin ta ranar ba tun bayan rasuwar. Ta ce katakon kore ne, tamfol ɗin ruwan ƙasa, a baya kuma an rubuta “Sannu ba ta hana zuwa.” Wai direbobi ke tsokanar Baba saboda ba ya gudu, shi ya sa ya rubuta musu amsa su karanta in suna bin sa. Neman wanda zai rubuta da hannu ya ba mu wuya, don yanzu kowa kwamfuta ke yanka masa leda ya manna. Daga ƙarshe muka samu wani tsohon Bapakistane mai zanen manyan motoci, bai san Hausa ba, amma hannunsa bai yi gargada ba. Wani ɗan kasuwarmu a Deira ya ara mana buhunan citta daga ɗakin ajiyarsa, cittar gida ce ma. Aka ɗauki hoton da safe a bakin ruwa, inda jiragen katako ke lodi, 'yan dako sun tsaya suna kallo.

Ta fito a bugun ƙarshe, shafi biyu, da sunan Ishaya da na mahaifinsa. Yohanna ya ɗauki hoton shafin da wayarsa ya tura wa mutanenmu, kafin ka ce kwabo abin ya zaga. Saƙo daga Jidda, daga Ingila, daga Kumasi. Wannan ya ce babansa irinta yake ja, wancan ya turo tsohon hoto yana yaro a kan buhu. Dattijon editan ya ce zai ci gaba da aikinsa a intanet, kuma ya roƙe mu mu tattaro masa labarin motocin da suka yi wa mutanenmu bauta. Na yi baƙin cikin rufewar mujallar, har yanzu ina yi. Amma wayar da nake zargi da kashe ta ita ce ta kai akori-kurar nan inda takarda ba za ta taɓa kaiwa ba. Ina jin da Ishaya na nan zai ce a bar kowa da aikinsa.

Me ya saura na abokina bayan shekara biyar? Injin da ya kula da shi wataƙila nan gaba a sayar da shi a kilo. Mujallar ta tafi. Amma gayyar da motarsa ta tara ba ta watse ba. Duk Juma'a muna haɗuwa, masu fitowa daga coci da masu saukowa daga masallaci, a tada motar, a ci tuwo, a yi musu. Mutumin da ya haɗa mu yana raye, ya sake haɗa mu bayan ba ya nan.

Da na samu hutu na kai wa Mama kwafinta da kaina. Na same ta a ƙofar ɗaki tana tsince wake. Na buɗe mata shafin, ta kai shi dab da fuskarta, ta karkata wajen hasken rana. Kore ta fara ganewa, sannan buhunan. Rubutun bai fito mata ba, sai ta bi shi da yatsa tana faɗa da ka. Na ce mata muna shirin turo motar gida a kwantena. Ta ce, “A'a, ɗana, ku bar ta can ku dinga hawa. Ina zan kai mota?”

Sai ta yi abin da ban zata ba. Ta ɗaga mujallar ta kai hanci, ta shaƙa, ta rufe ido. Ta daɗe a haka. Da ta buɗe ido hawaye ne, amma murmushi take. Ta ce, “Warinsa ne. Yaron nan ya zo da kansa.”