Ruwan Marasa Guga

Dariyar jikokina ce ta fiddo ni daga ɗaki ranar Lahadi da hantsi. Sun taru gaban tele suna kallon wani tsohon fim: Nasara cikin mota, ɗaya zaune a gabanta da doguwar sanda mai zarge, suna korar namun daji don a kai su gidan kallo a ƙasarsu. Har da kiɗa, kai ka ce biki ake. Na tsaya bakin ƙofa, raina ya ɓaci. Ni na ga wannan aiki da idona, kuma babu kiɗa a cikinsa.

A ƙauyenmu, arewa da Dakoro, kakana na wajen uwa shi ke da rijiya. Zurfinta sai takarkari ke jan wasaki, babban gugan fata, ya yi ta tafiya da igiya kafin ruwa ya leƙo. Da rani tun asuba ake shayar da bisashe, ƙura da warin kashin shanu, har rana ta take. In kowa ya gama, tsoho ya kan sa a ja wasaki ɗaya na ƙarshe, ya zuba a kwamin da bisashe ke sha, ya ce wannan ruwan marasa guga ne. Sai mu watse. Da la'asar barewa su fito daga cikin ƙaya, su bakwai ko takwas, suna kaɗa kunne, su sha su tafi. Ko mahalbin garinmu, mutumin da ba ya ƙyale ko gafiya, bai taɓa ɗana kibiya a bakin kwamin nan ba. Abin da ya zo shan sadaka amana ne. Ba wanda ya koya mana, haka muka tashi muka tarar.

Wata bazara sai ga mota da kamiyo, babbar motar kaya, Nasara biyu da tafintansu, leɓɓansu duk sun tsage don ƙishi. Kakana ya shayar da su, ya cika musu tanoni, gangunansu na ruwa, kakata ta aiko da hura. Suka ga sawun barewa a laka, suka tambaya. Shi kuwa tsoho, don murna, ya gaya musu komi: lokacin zuwansu, gefen da suke ɓullowa, har da mai jego da ta haihu kwanan nan. Bai ce musu kada a taɓa ba. Ina za ka ce wa babban mutum da ya sha ruwanka kada ya ci amana? Ai zagi ne.

Kashegari da la'asar suka laɓe bayan tudu. Barewa na sa baki a ruwa, suka taso musu da mota. Ina kan darni ina gani. Sun kama ƴan ƙanana huɗu, suka cusa cikin akwatunan katako. Uwar nan mai jego ta yi ta gudu tana waiwaye har ta faɗi, kumfa da jini a hancinta, ba ta sake tashi ba. Ba su ko dube ta ba, la'anannu, tafi suke yi wa juna.

Kakana ya je da gudu, rawaninsa na warwarewa, ya riƙe ƙofar kamiyo.

"Ka ce musu a kwamina suka sha," ya ce wa tafinta.

"Baba, suna da takarda daga Yamai."

"Takardar ce ta ja wasaki?"

Suka miƙo masa kwalin sukari. Ya bar shi nan ƙasa, tururuwa suka shanye.

Ba Nasaran kakana ya riƙa zagi ba, bakinsa da ya ba su labari ya riƙa zagi, kuma wannan ya fi ƙona mini rai. Har ya rasu bai fasa zuba wasakin ƙarshe ba. Ruwan ya kwana, ya yi kore, jakuna su sha. Barewa ba su komo ba.

Yanzu an sa wa rijiyar pampo, dajin ya zama gonaki. Na ratsa tsakiyar yaran na kashe tele, suka ɗau ihu. Ƴar autarsu, wadda nake kira kishiyata, ta riƙe zanena.

"Kaka, a wace ƙasa ake samun barewa?"

Na ce, "A bakin rijiyar kakana, nan bayanku."

Ta ƙyalƙyale da dariya, wai tsohuwa ta fara ruɗewa. Kullum in ta tsokane ni sai na rama. Ranar ban iya ba.